Ruwa, abinci, oksijin da rana: Yadda matuƙan jirgi marar inji ke jure yini guda a sama

A ranar 21 ga Janairun 2003, wani Bajamushe mai suna Klaus Ohlmann ya tashi daga filin jirgin Chapelco da ke gindin tsaunukan Andes a ƙasar Ajantina, tare da abokin tafiyarsa Karl Rabeder. Ba su sauka ba sai bayan kusan sa'o'i 15, sun ci nisan kilomita 3,008, wato fiye da ninki uku na tazarar Legas zuwa Kano idan aka bi ta sama a miƙe. Bayan sun gama ɗagawa sama har suka dira, iska ce kaɗai ta ɗauke su.

Irin jirgin da suka hau shi ake kira gilaida. Dogayen fukafukai ne da siririn jiki, ana jan shi sama da wani jirgin ko da igiyar ƙarfe, wasu kuma suna da ɗan injin da ake kashewa a naɗe da zarar an ɗaga. Daga nan sai matuƙi ya shiga neman iskar da ke hawa sama. Duk wanda ya taɓa kallon ungulu ko shirwa tana kewaya wuri ɗaya da tsakar rana, tana ƙara nisa ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ya ga yadda abin yake. Rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta miƙe kamar ginshiƙi, tsuntsu ko jirgi ya shiga cikinta yana juyi har ta kai shi gindin gajimare, sannan ya sulale zuwa ginshiƙi na gaba.

Masu wannan wasa sukan yi dogon bayani a kan fukafuki da gajimare da na'urori. Amma a makarantunsu akwai darasin da ake nanatawa wanda bai shafi jirgin ba, ya shafi mutumin da ke ciki. Ƙishirwa da yunwa da ƙarancin iskar oksijin da zafin rana duk suna da hali guda: sukan taɓa hankali kafin su taɓa jiki. Matuƙi zai fara jinkirin yanke shawara, ya fara kuskuren lissafi, alhali yana jin kansa garau. Kuma aikin da ya fi kowanne buƙatar natsuwa, wato sauka, yana zuwa ne a ƙarshen yini, lokacin da jiki ya riga ya ƙare. Matuƙin jirgi mai inji idan saukarsa ba ta daidaita ba sai ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Mai gilaida damarsa ɗaya ce.

Mazaunin matuƙi kansa yana ƙara wahalar. Wuri ne matsattse, mutum yana kishingiɗe da laimar tsira a bayansa, ɗaure da maɗaurai, kafaɗunsa na gogar bango. A kansa akwai murfin roba mai haske kamar gilashi, wanda ke tara zafi yadda motar da aka rufe a rana ke tarawa. Babu na'urar sanyaya wuri, sai 'yar taga da hancin iska. Hannun dama na kan sandar tuƙi kusan koyaushe, idanu kuma na waje, domin sau da yawa jirage biyar ko goma ne ke juyi a cikin ginshiƙin iska ɗaya. Duk abin da za a ci ko a sha, dole ya zama hannu ɗaya zai iya kai shi baki ba tare da an sunkuya ba.

A irin wannan zama, sa'o'i biyar su ne matakin farko. Hukumar wasannin sararin samaniya ta duniya, FAI, mai hedikwata a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, ba ta bayar da lambar azurfa sai matuƙi ya yi sa'o'i biyar a sama a tashi ɗaya, ya yi tafiyar kilomita 50, ya kuma ƙara tsawon mita 1,000. Masu neman kilomita dubu kuwa sukan shafe sa'o'i bakwai zuwa goma.

Ruwa, da abin da ba a son faɗa

A nahiyar Afirka, cibiyar wannan wasa tana kudu. Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin bazarar can, matuƙa daga Turai kan yi tururuwa zuwa Bitterwasser da Kiripotib da Pokweni a gefen hamadar Kalahari a Namibiya, da kuma madatsar ruwa ta Gariep a Afirka ta Kudu. Abin da ke jawo su shi ne ƙasa busasshiya da rana mai ƙarfi, waɗanda ke haifar da iska mai hawa da sauri. Wannan yanayin ne kuma ke tsotse ruwan jiki. Zafi a ƙasa kan kusanci digiri 40, kuma tun kafin a tashi matuƙi ya riga ya yi sa'o'i yana wanke jirgi, yana tura shi, yana jira a layi. Da yawa sukan shiga jirgi da gibin ruwa a jikinsu.

A sama asarar na ci gaba ta hanyar da ba a gani. Iskar can busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ya jiƙa riga, numfashi na ƙaruwa, kowane fitar numfashi kuma da danshinsa yake tafiya. Oksijin na tukunya shi ma babu danshi a cikinsa ko kaɗan. Likitocin wasanni sun daɗe da lura cewa idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙwazonsa da natsuwarsa kan fara raguwa. Ga mai nauyin kilo 70, wannan bai kai lita ɗaya da rabi ba. Ƙishirwa kuwa ba ta cika yin magana da wuri ba, musamman ga wanda hankalinsa ke kan wani aiki, da kuma ga masu yawan shekaru, waɗanda su ne kaso mai tsoka na masu tuƙa gilaida.

Abin dariya a nan shi ne jirgin kansa cike yake da ruwa. Gilaidar tsere kan ɗauki lita 150 zuwa 200 a cikin fukafukanta don ƙarin nauyi, saboda jirgi mai nauyi ya fi gudu tsakanin ginshiƙan iska, sai a zubar kafin sauka. Matuƙi na iya galabaita da ƙishirwa tsakanin tankuna biyu da ba shi da hanyar kai bakinsa gare su.

Dabarar da aka fi bi ita ce jakar ruwa mai siririyar mesa, irin ta masu tseren keke, mai cin lita biyu zuwa uku. Ana ajiye ta a bayan kujera, bakin mesar na maƙale a ƙirji. Ana kurɓa kaɗan-kaɗan bisa agogo, ba sai maƙogwaro ya bushe ba. Wasu kan ɗaure kurɓar da wani aiki da suke maimaitawa, misali duk lokacin da suka bar ginshiƙin iska suka miƙe hanya. Gora mai murfi tana da haɗarinta: murfin da ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera na iya maƙalewa a cikin ƙarafan tuƙi, kuma ƙaramin abu irin wannan ya isa ya hana sanda motsi. Shan ruwan ma tun daren jiya ake fara shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Barasa da daddare da kofi mai yawa da safe duk suna ƙara gibin. A ɗaya gefen, wanda ya yi ta ɗura zallan ruwa yana gumi ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya yin ƙasa, abin da kan kawo ciwon kai da ruɗewa. Shi ya sa wasu ke haɗawa da ɗan ruwan gishiri da sukari, ko su riƙa haɗa ruwan da ɗan abin taunawa.

Sai dai babban abin da ke hana matuƙa shan ruwa ba mantuwa ba ce. Tsoron bawali ne. Jirgin ba shi da makewayi, ba a kuma tsayawa a gefen hanya. Don haka sabon shiga kan yanke wa kansa hukunci tun da safe cewa ba zai sha ba, don kada ya matsu. Wannan ita ce shawara mafi muni da zai yanke a ranar, kuma kunya ce ke sa shi yanke ta. Ƙungiyoyin gilaida da suka san aikinsu sukan yi maganar a fili tun a aji. Maza na amfani da leda mai garin da ke daskarar da ruwa, ko wata roba ta asibiti da ake haɗawa da mesa zuwa jaka ko zuwa wajen jirgi. Mata, da wasu mazan ma, na amfani da ƙunzugun zamani na manya. Ana shawartar mutum ya gwada tsarinsa a ƙasa, yana kishingiɗe da maɗaurai a jikinsa, kafin ranar da zai buƙace shi a sama da hannu ɗaya. Riƙewa ma ba mafita ba ce. Matsuwa na raba hankali a daidai lokacin sauka, kuma cikakkiyar mafitsara ta fi saurin fashewa idan jirgi ya bugi ƙasa da ƙarfi maɗaurin ƙugu ya matse mara. A ganina, wanda bai warware wannan matsala ba bai shirya wa tafiyar sa'o'i biyar ba, komai ƙwarewarsa a tuƙi.

Batun abinci ya fi sauƙi. Karin kumallo mai riƙe ciki amma marar nauyi, sannan ƙananan abubuwa a sama lokaci-lokaci: ayaba, tuffa, gyaɗa, dabino, burodi da aka yanka loma-loma. Alewa da lemon kwalba kan ɗaga sukarin jini da sauri su sake shi da sauri, su bar mutum da kasala. Cakulan narkewa yake yi. A Namibiya da Afirka ta Kudu akwai busasshen nama da suke kira biltong, ɗan'uwan kilishi, mai daɗin ɗauka amma gishirinsa na neman ƙarin ruwa. Akwai kuma abin da ba kowa ke tunawa ba: iskar da ke cikin hanji tana kumbura yayin da ake hawa, har ta ninka girmanta a wajen ƙafa 18,000. Wake da kabeji da abin sha mai gas a daren tashi kan zama murɗar ciki a sama. Wanda juyi ke sa wa tashin zuciya kuma ya guji tashi da ciki wayam, kamar yadda zai guji tashi da ciki dam.

Iskar da ba ta ƙosarwa

Kason oksijin a cikin iska kashi 21 cikin 100 ne, a bakin teku da kan tsauni duk ɗaya. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar da ke tura shi cikin jini ta huhu. A tsawon ƙafa 18,000, kimanin mita 5,500, nauyin ya ragu da rabi. Mutum na cika ƙirjinsa kamar kullum, amma abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai kai ba.

A Kalahari ƙasar kanta ta haura mita 1,000 daga bakin teku, kuma a rana mai kyau gindin gajimare kan kai mita 5,000. Don a gane nisan, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan matuƙi na iya shafe mafi yawan yininsa a ninki biyu na wannan tsawo.

Dokar Amurka ta wajabta wa matuƙi shaƙar oksijin idan ya wuce minti 30 tsakanin ƙafa 12,500 da 14,000, sannan a kowane lokaci sama da ƙafa 14,000. A Turai ƙa'idar gilaida ta ɗora wa matuƙi alhakin auna buƙatarsa, idan kuma ba zai iya tantancewa ba, ya fara daga ƙafa 10,000. Gogaggu da yawa sukan buɗe tukunyarsu ƙasa da haka, domin sun lura cewa sa'o'i shida a ƙafa 9,000 ba tare da ƙari ba kan bar su da ciwon kai da gajiya da yamma, daidai lokacin da za su sauka. Doka ta faɗi iyakar laifi ne kawai. Jikin mai shan taba, ko mai mura, ko wanda bai yi barci ba, yakan gaza tun kafin a kai ta.

Mugun halin ƙarancin oksijin shi ne yakan zo da daɗi. Wasu kan ji nishaɗi da ƙarfin gwiwa kamar wanda ya bugu, su ga komai na tafiya daidai. Sannan gani ya ƙuntata, launuka su dusashe, yatsu su yi tsami, lissafin da yaro zai yi ya gagara. Jadawalin likitocin jiragen sama ya nuna cewa wanda oksijin ya yanke masa a ƙafa 18,000 yana da minti 20 zuwa 30 na hankalin da zai iya aiki da shi. A ƙafa 25,000 minti uku zuwa biyar ne. A ƙafa 30,000 bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba. Mesar da ta lanƙwashe a ƙarƙashin maɗauri, ko batirin da sanyi ya kashe, sun isa su fara wannan ƙidaya ba tare da matuƙi ya sani ba. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, da zarar an yi shakka, a buɗe birkin iska a gangaro ƙasa tukuna, a binciki dalili daga baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Tukunyar oksijin a bayan kujera, siririyar mesa mai baki biyu da ke shiga hanci, da wata 'yar na'ura mai batir da ke sakin oksijin daidai lokacin da aka ja numfashi, abin da ke sa tukunya ɗaya ta kai yini. Mesar hanci tana aiki ne zuwa ƙafa 18,000. Sama da haka sai takunkumi mai rufe hanci da baki. Mai mesar hanci kuma ya tuna cewa idan yana taunawa ko yana dogon surutu a rediyo, da baki yake numfashi, na'urar ba ta ba shi komai.

Don sa ido, ana amfani da na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda mutane da yawa suka sani a zamanin korona. Mai lafiya a ƙasa yakan nuna 95 zuwa sama, a jirgi kuma ana son kada ya sauka ƙasa da 90. A nan akwai abin da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Wani bincike da likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa a 2020 ya nuna cewa na'urar ta fi yawan nuna adadin da ya ɗara na gaskiya a jikin baƙaƙen fata. Alamar da littattafan Turawa ke ambata, wato leɓe da farce su koma shuɗi, ita ma ba ta fitowa sosai a fatarmu. Yatsa mai sanyi kuma na ruɗa na'urar ga kowa. Saboda haka baƙin matuƙi ya fi kowa buƙatar buɗe tukunyarsa da wuri. Haka nan batun sikila: mai cutar ba ya cikin waɗanda ya dace su hau irin wannan tsawo a jirgin da ba a matse iskar cikinsa ba, kuma ko mai rukunin AS, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke da shi, an san tsawo mai yawa haɗe da ƙarancin ruwa na iya taɓa masa saifa. Magana ce da ake yi da likita kafin a hau.

Wani gargaɗin kuma ya ci karo da al'adarmu ta hunturu. Oksijin zalla idan ya haɗu da maiƙo yana saurin kama wuta. Man shafawa irin su basilin da ake laƙaba wa leɓe da hanci don kada su tsage, ba a yarda da su ba a fuskar da za ta sa mesa ko takunkumi. Ana neman mai da aka haɗa da ruwa.

Masu hawa igiyar iska ta tsaunuka, wadda ke tasowa idan iska mai ƙarfi ta tsallake dogon tsauni, su ne ke kai wa matuƙa. A ranar 2 ga Satumban 2018, Jim Payne da Tim Gardner sun haura ƙafa 76,000 a jirgin Perlan 2 daga El Calafate a kudancin Ajantina. A wannan tsawo takunkumi kaɗai ba ya ceton rai, domin daga wajen ƙafa 63,000 ruwa na tafasa a ɗumin jikin mutum. Sai da aka ƙera wa jirgin mazauni rufaffe mai matsattsiyar iska.

Rana daga sama, sanyi daga ƙasa

Hasken rana mai ƙuna, wanda ake kira UV, yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau, kuma murfin jirgi ba ya tare shi duka. Wuraren da suka fi shan wuya su ne hanci, kunnuwa, wuya, bayan hannu da cinyoyin mai gajeren wando. Doguwar riga fara marar nauyi ta fi kowane mai, sannan a shafa man kariya a inda tufa ba ta kai ba, a kauce wa goshi don kada gumi ya gangaro da shi cikin ido. Baƙar fata na da kariyarta, amma ido ba shi da ita, kuma daɗewa cikin wannan haske na daga cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Tabarau mai tare UV wajibi ne ga kowa.

Hular masu gilaida takan ba baƙo dariya: 'yar farar hula mai laushi da gajeren baki, kamar ta masunta. Da dalilinta. Malafa ko hular hana-sallah mai dogon baki tana rufe sama, kuma daga sama ne jirgin da ke juyi tare da kai zai ɓullo. Su kansu jiragen fari ake shafa musu, saboda zafi na raunana haɗin roba da zaren da aka ƙera su da shi.

Duk da wannan rana, sanyi na jira. Ɗumin iska na raguwa da kimanin digiri biyu zuwa uku a kowace ƙafa 1,000. Wanda ya bar ƙasa tana digiri 38 zai iya tarar da kusan sifili a gindin gajimare, inda inuwa ta rufe shi, rigarsa kuma da sauran danshin gumin safe. Ƙafafu ne ke fara daskarewa, domin suna can cikin hancin jirgi inda rana ba ta kaiwa. Sanyi kuma na ƙara yawan bawali, ya mayar da matuƙi kan matsalar farko.

Akwai lokacin da ake gasar daɗewa a sama zalla. A watan Afrilun 1952, Bafaranshe Charles Atger ya yi sa'o'i 56 da minti 15 shi kaɗai a kan tsaunukan kudancin Faransa. Bayan wani matashin matuƙi ya rasa ransa a 1954 yana ƙoƙarin zarce wannan adadi, FAI ta daina karɓar bajintar daɗewa, domin ta fahimci abin da ake aunawa shi ne iyakar jurewar mutum ga rashin barci. Yau ana gasar nisa ne da gudu da tsawo, kuma faɗuwar rana ce ke rufe yini.

Tanadi na ƙarshe na wanda iska ta yaudara ne. Idan ginshiƙai suka mutu da wuri, matuƙi kan sauka inda ya samu, a gona ko busasshen tafki ko filin jirgin wani makiyayi. A Turai wannan na nufin jiran mota na sa'a ɗaya ko biyu. A Kalahari yana iya zama kwana, a wurin da waya ba ta kamawa, da zafi da rana da sanyi da dare. Shi ya sa ake ware wasu litocin ruwa dabam waɗanda ba a taɓawa a sama, tare da na'urar da ke aika wurin da mutum yake ta tauraron ɗan'adam, da madubin ishara, da riga mai kauri. Umarnin da ake bai wa kowa shi ne ya zauna a inuwar fiffike kada ya bar jirgin, domin masu nema daga sama sun fi saurin hango farin jirgi mai faɗin mita 18 a kan jan yashi fiye da mutum ɗaya da ke tafiya a ƙasa.